Masu Miƙar da Cikon Bargo, Iri-iri

Da hunturu ya kawo jiki, iskar Kogin Kwara ta fara kaɗawa daga Illo zuwa Lolo, teloli a ƙasar Bagudo sai su koma ɗinkin bargo mai ciko: ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, ulu ko auduga a tsakiya. Auduga ba ta da nisa, tunda ƙasar Kandi a Jamhuriyar Benin gidan nomanta ce. Shi kuwa ulu a dilar gwanjo yake zuwa, a matse, a yamutse. Dole a miƙar da shi kafin allura ta hau, domin karin da aka ɗinke a ciki ya zauna ke nan. A wajen wannan miƙarwa ake sanin halin mutum.

Akwai Sarkin Gaggawa. Zai cika dutsen guga da gawayi, ya fifita har ya yi ja, yana cewa, "Wanga ai aikin minti biyar na." Ya manta ulu gashin tunkiya ne, wuta ba ta raga masa. Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauki ƙauri kamar ana babbakar kan rago ran Sallah. Laifin kuma na mai gawayi ne.

Akwai Ɗan Bugu. Ya taɓa ganin masu bugun shadda a Kano, tun daga ranar ya yanke hukunci cewa duka ne maganin kowane tufa. Zai ɗauko taɓarya ya yi ta jibga. Karin yana nan, laushin ne ya tafi, alhali iskar da ke cikin laushin ita ke riƙe ɗumi.

Akwai Mai Danniya. Shi nasa buhun shanshera ne: ya ɗora biyu a kai, ya sa yara su hau su zauna. Bayan kwana uku a ɗaga, a tarar lanƙwasar ta ƙara kama ƙasa.

Akwai Uwar Tsafta. Ruwan zafi, Omo, cuɗa da murza. Zafi da cuɗa kuwa su ke sa zaren ulu ya sarƙe ya tsuke. Bargon da aka auna don gadon amarya sai ya dawo daidai goyo, ita kuma ta rantse telan ne ya yanke rabi.

Akwai Ɗan Kwatano, wanda ba ka rasa irinsa ranar kasuwar Tsamiya. Shi bai yarda a miƙar ba ma. "Alhaji, yamutsin ga shi na shaida, yanzu aka kwance dila." Lissafinsa da sefa, gaisuwarsa da Faransanci. Tun da aka rufe boda a Agustan 2019 ya samu abin jingina: kaya sun yi tsada, boda, sun yamutse, boda, ɗinki ya karkace, boda.

Akwai Jikan Mai Lifidi. Yana gindin bishiya, bai taɓa zura zare a allura ba, amma kakansa ne, in ji shi, ke cusa audugar rimi a lifidin dawakin sarki. Shawararsa kyauta ce, sai dai ba ta isowa sai an gama ɓarna.

Sai Inna. Za ta shimfiɗa ulun kan tabarma a inuwa, ta yayyafa ruwa da tafin hannu, ta shafa daga tsakiya zuwa baki, ta bar shi ya kwana. In wani kari ya yi taurin kai, ta kanga shi a tururin tukunya daga nesa, ba dannawa. Danshi da ɗumi kaɗan ke sa zaren ya saki da kansa. In ka ƙagauta ta ce, "Ɗan nan, sauri shi ka haifuwar nawa."

Duk mutum shidan can wurinta suke ƙarewa, da magariba, kaya a ƙunshe cikin buhu don kada maƙwabta su gani. Kuɗin aikinta kashi biyu ne: wanda ba a taɓa ba, araha, wanda gwani ya riga ya gyara, ninki biyu.