Ofisan Da Ba Wanda Ya Naɗa

Duk wanda ya san Tamale ya san babur da keke ne ke mulkin titi. Tsoho na kai, amarya na kai, akuya ma tana samun gurbi a baya. Samarin layinmu na Zongo kuwa in sun murɗa sai ka ce kuturu ya biyo su bashi. Doka a Gana ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, ni kuma na yi alwashin kawo wa dattawa hujja da alƙaluma.

Ɗan yayata mai karatun lantarki ya samo min 'yar na'urar rada, HB100, ba ta wuce akwatin ashana ba. Ya haɗa ta da wata 'yar kwamfuta, Arduino, da ɗan allon lambobi, ya ce, "Kawu, igiya take harbawa ta gigahaz 10.525. In ta bugi abu mai tafiya ta dawo, kaɗawarta ta canza da kusan haz 19.5 kan kowace kilomita guda a awa." Wai wani Christian Doppler ne ya bayyana haka a 1842. Na gyaɗa kai, Allah ya san abin da na fahimta.

Na dasa benci a ƙofar gida. Titi fayau, ko kaza babu, allo ya nuna 38. Na yi a'uziyya. Malam Liman da ke wucewa ya leƙa, ya ce dama wannan kwanar tana da masu ita. Ashe fankar shagon mai aski ce a tsallake. Rada ba ta san babur ba, motsi kawai ta sani.

Da hantsi ya ɗaga aka fara gaishe ni da "Ofisa, sannu da aiki." Hulunan kwano da suka shekara rataye a hannun babur suka koma kawuna. Wani mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya yana miƙo min takardu hannu na rawa. Na duba su a tsanake, tunda ya miƙo.

Mulkina ya ƙare da wani yaro ya gane ni. Ya wuce fuu, ya dawo ya tambayi lambarsa. Na ce 42.

"Haba Baba! Agogona 60 ya nuna. Kada ka zubar min da mutunci."

Gaskiyarsa ce. Rada gudun da ya nufo ta kai tsaye take lissafawa, in ka auna daga gefe sai ta rage. Yaro ya ce a sake. Abokansa suka ji labari, kafin la'asar samari har daga Sabonjida da Lamashegu sun yi layi, kowa na neman 70, mai koko tana rubuta sakamako.

Don a daina cewa injina na da son kai, na shiga tsakiyar titi na saita. Sai ga Motor King, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, maƙare da doya daga kasuwar Aboabo, burki kuwa sai addu'a. Allo ya ce 31. Wannan lambar daidai take, na tabbatar da ita daga cikin kwata.

Da daddare dattawa suka aiko a gaya min in rufe filin sukuwar da na buɗe. Uwargida Hajiya ta ƙwace na'urar, ta kafa ta a tsakar gida. An kira ni tuwo, ta auna 9. An aike ni sayen gawayi, allo bai ko motsa ba, har ta kira ɗan yayata ya duba ko batir ne.