Gwamnan Babban Bankin Ofishinmu

Teburinsa na bakin taga, kusa da soket ɗaya tilo da ke aiki a ofishin. Tun da ya je wani kwas na kwana uku a Kaduna ya dawo da jaka mai tambarin banki muka laƙaba masa Gwamna, wato na Babban Banki. Matakin albashinmu ɗaya da shi, amma in ya fara bayanin dala da naira sai ka rantse da shi aka zauna kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023.

Ranar da alat ɗin albashi ya shigo ita ce ranar aikinsa. Wayoyi na fara ƙara zai miƙe ya gyara hula, ya bi tebur-tebur kamar mai karɓar haraji.

"Malam, nawa ka ware na ajiya?"

Na ce masa, "Gwamna, ai albashin nan an gama rabonsa tun kafin ya iso, kuma ba da ni aka yi rabon ba." Mai shagon unguwarmu na da kasonsa a littafi, makarantar yara na da nata, ga ankon bikin ƙanwar uwargida, ga ƙanin babana da ke jin ƙarar alat ɗina tun daga ƙauye, ban san ta wace eriya ba. Sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce matsalata ita ce rashin tsari. Ya zaro takarda ya zana min da'ira, ya yanka ta gida uku: ci, ajiya, jari. Da'irar ta yi kyau ƙwarai. Buhun shinkafa ne dai bai shiga ciki ba.

Shawarwarin Gwamna suna da tarihi, duk da shi ba ya son a tono. A 2016 shi ya kawo mana MMM, ya ce kashi 30 cikin 100 duk wata, kana kwance kuɗi na haihuwa. Da aka rufe asusun mutane a watan Disamba sai ya ce hutun ƙarshen shekara suka tafi. Mutum uku a ofishinmu har yau suna jiran a dawo daga hutun.

A 2024 kuma ya zo da Hamster, wasan waya da aka ce zai koma kuɗi. Wata da watanni kowa ya duƙufa yana dangwalar waya da yatsu huɗu, har Yallaɓai Darakta ya leƙo wata rana ya ga an yi tsit, kawuna a sunkuye, ya yaba mana da ƙwazo. Da aka fashe a watan Satumba, abin da na samu bai biya kuɗin datar da na ƙona ba, balle gilashin wayar da ya dusashe. Gwamna ya ce mun yi gaggawar sayarwa ne. Harkar zuba jari ta CBEX kaɗai ya tsallake, wadda ta rushe a Afrilun 2025, kuma har gobe yana kafa hujja da hakan wai hangen nesa ne. Mu da muka san lokacin ko na mai babu a aljihunsa, sai mu ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Shawarar da ta fi ba ni tausayi ita ce ta masara. Ya ce a saya da kaka a ɓoye, bazara na yi farashi zai ninka, haka manyan 'yan kasuwar Dawanau ke yi. Wani abokin aikinmu ya ci bashin kofaretib ya jibge buhu goma a ɗakin baƙi. Farashi ya yi ƙasa maimakon sama, ƙwari kuma suka shiga hannun jari ba tare da sun zuba ko sisi ba. Yanzu gidansa tuwon masara ake ci dare da rana.

Abin da ke ɗaure min kai, akwai masu kuɗin gaske a ofishin, amma ba sa magana. Hajiya ta sashen kuɗi, uwar adashenmu, firiza biyu gare ta tana sayar da ƙanƙara, ta kai gininta linta. Baba masinja duk shekara yana turke raguna huɗu, babbar Sallah na matsowa ya sayar wa su Darakta. Ba wanda ya taɓa tambayarsu sirri, don ba su iya cewa "dibasifikeshan" ba.

Wata na kaiwa 20 sai muryar Gwamna ta ragu. Zai zo ya tsaya a bayan kujerata, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

"Malam, ko da 'yar dubu biyar a kusa? Ka san kuɗina duk suna cikin jari."

Bashi hanji ne, ni ma a jakar Hajiya na samo, sai mu raba.

Jiya aka turo mana sabon ɗan bautar ƙasa. Na ji ya ce alawus ɗinsu ya koma dubu 77, ba mata, ba haya, ba kuɗin makaranta. Ban san lokacin da na jawo kujera kusa da shi ba. Na ce, "Samari, miƙo min takarda da biro." Ina cikin zana da'irar na ɗago kai, sai ga Gwamna daga bakin taga yana hararata, don na riga shi kwastoma.