Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Tsohon Ƙwan Lantarki

Ranka ya daɗe, Baba Ɗan Wat Sittin,

Kai ka raba gidajen Daura da hayaƙin aci-bal-bal, ba wanda zai danne maka wannan haƙƙi. Amma lokacin ajiye aiki ya yi, kuma shaidar tana jikinka: wutar da kake sha, wajen kashi 90 cikin 100 zafi take komawa, ɗan ragowar ne haske. A garin da watan Afrilu ke koro mutane tsakar gida su kwana, wa ya aike ka ƙara mana gumi? Jikanka LED da wat 9 kacal yake ba da hasken da kake bayarwa da 60. A kunna ku awa biyar kullum, kai ka lanƙwame yunit 9 a wata, shi ko ɗaya da rabi bai cika ba. Kai awa dubu ta ishe ka mutuwa, shi in na kirki ne yakan kai dubu 15.

Masoyanka za su ce kai ne mai araha, LED kuwa jabunsa ya cika kasuwa daga Daura har Mai'adua, a saya yau ya ƙone kafin Sallar Gani. Haka ne, amma wannan aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne, ba shaidar nagartarka ba. Hujjarsu mai nauyi ita ce ta mita: gidan da ake kawo wa bil na ƙiyasi, me zai ƙaru da shi in ya rage shan wuta? A takardar kamfanin wuta na KEDCO, ba komai. To amma a Zango da Baure da Sandamu, gida nawa ne ya dogara da wutar layi kaɗai? Duhun da ya lulluɓe Arewa a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara tura jama'a ga sola da batir da ƙaramin janareta, kuma batir bai san ƙiyasi ba. Cajin da zai riƙe ka awa ɗaya zai riƙe LED fiye da awa shida. Ran da wuta ta zo rabi kuwa, sai ka yi jawur ka zuba mana ido, ba haske ba duhu.

Tarayyar Turai ta gama sallamarka tun 2012. Mu ba ma wulaƙanta dattijo. Masu kiwon kaji na cigiyar mai ɗumama 'yan tsaki da hunturu, mun riga mun ba da sunanka. Ka tattara kayanka kafin sanyi ya shigo.

Naka,
Mai biyan kuɗin wuta