Neman Sushi a Makarfi

Ƙanena ya dawo daga Abuja da sabon ciwo: sushi. Abincin Japanawa ne. Shinkafa mai ɗan tsami, ɗanyen kifi, a naɗe cikin ganyen teku. Mai araha yake nema.

Muka leƙa Ikara, sai tumatir. Kudan, rake. Ran Laraba muka shiga kasuwar Makarfi, ya yi wa mai suyar kifi bayani dalla-dalla.

Ta ƙare masa kallo. "Ɗan nan, kyanwa gare ku?"

"A'a Inna, can ɗanyen ya fi soyayye tsada."

Ta dubi murhu, ta dubi kaskon mai.

"Ashe duk shekarun nan asarar itace nake yi?"

Muka koma gida da rake. Shi ma dai ɗanye ne.