Tseren Kenya a Kan Bencin Tofa

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhunan taki da 'yan kasuwa daga ƙauyukan Tofa a tsakiyar watan Agusta, sa'ad da kududdufai suka tumbatsa, burtali ya koma rafi, gonakin dawa kuma suka matse hanya dama da hagu har babu inda mutum zai karkata taya ba tare da ya taka haƙƙin wani ba, to, ba ya bukatar Bature ya karantar da shi babin tuƙi a inda babu kwalta. Ni kuwa na ƙarar da ƙuruciyata da rabin manyantakata a bayan sitiyarin akori-kura, Fijo 504 haɗin Kaduna, ina jigila tsakanin Lambu da Langel da kasuwar Janguza har zuwa Birni. Kuma ko da yake yabon kai ba ɗabi'ar mumini ba ce, ba da shaida bai zama alfahari ba: ban taɓa kifar da mota ba, ban taɓa kashe ko ɗan akuya ba.

Saboda wannan martaba ne, ran da dattawan unguwarmu suka zauna bayan Azahar a kan mas'alar wani gidan gem da wani saurayi ya buɗe kusa da tasha, inda aka ce yara na kai canjin cefane suna ɓata wuninsu a lagawu, sai Liman ya ce hukunci ba ya inganta a kan abin da ba a san haƙiƙarsa ba, kuma tun da an ce har mota ake tuƙawa a ciki, wajibi ne a aiki ma'abucin fannin. Ijma'i ya faɗa kaina. Na gyara zaman hulata, na tafi da niyyar in duba, in yi wa'azi, in jawo kunnen jikana in dawo kafin La'asar.

Rumfar langa-langa ce mai labulen buhu, da benci biyu, da akwatunan talabijin biyu, da wata tsohuwar PlayStation da aka danne murfinta da dutse don kada faifan ya tsaya, janareto kuma na ta tari a bayan danga. A talabijin ɗaya ana ƙwallo, yara sun yi dafifi. A ɗayan kuwa wata mota ce ke keta jar ƙasa tana tayar da ƙura, jikana ne riƙe da ita. Bai ko waiwayo ba, ya ce, “Tsoho, koyon mota ka zo?” Da wani yaro ne da ya ji a jikinsa, amma tsakanin kaka da jika shari'a ba ta shiga.

Mai rumfar ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, wannan shi ne Colin McRae Rally na biyu, fitowar 2000, an sa masa sunan wani direba ne mutumin Sikotilan wanda ya zama zakaran duniya a 1995.” Na ce masa ya ajiye bayaninsa, domin irin wannan tsere ba baƙonmu ba ne: a 1974 motocin da suka taso daga Landan za su Munik sun ratso Sahara har Kano kafin su juya arewa, tseren Faris zuwa Dakar kuma tun farkonsa a 1979 ta Agadas ya bi, sa'an nan motar da ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 ba wata ba ce face 504, 'yar'uwar tawa uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce a sa mini Kenya, a kawo mini 504. Aka ce babu, sai dai 'yar Fijo 206. Na ce jini ɗaya ne, a kawo.

Aka miƙo mini abin da suke kira hannu, wata 'yar roba mai ƙaho biyu, wadda maɓallanta suka suɗe don gumin yara, babu sitiyari, babu kuloci, babu inda ƙafa za ta taka. Totur a ƙarƙashin babban yatsa, birki a maƙwabtaka da shi, kai ka ce wanda ya tsara abin bai taɓa jin cewa Allah ya yi wa direba ƙafafu don wata hikima ba. Ƙa'idar kuwa ita ce, ba a jera motoci a tashi tare. Kowa shi kaɗai yake fita, da agogo yake jayayya, a gefensa kuma akwai wani mutum da ba a gani, riƙe da takarda, yana karanto hanya tun kafin a iso ta: kwana dama ko hagu, da lambar da ke nuna tsananinta, da tudu, da ruwa. Wato dai karen mota ne aka ɗaukaka darajarsa aka zaunar da shi a gidan gaba.

Na yi basmala na danna. Motar ta zabura, wannan mutum ya soma zuba Turanci ba waƙafi ba aya, ni kuwa da na hango kwanar farko sai jikina ya yi abin da ya saba tun kafin a haifi uban mai rumfar, na kwanta hagu gaba ɗaya da kafaɗa da gwiwa, har yaron da ke ƙarshen benci ya sami kansa a ƙasa, alhali motar ba ta ko karkata ba, ta miƙe ɗoɗar ta rungumi wata bishiya. Nan take abin da ke hannuna ya kama makyarkyata kamar mai masassara. Na yi ta'awwuzi na yar da shi, yara suka kwashe da dariya, suka ce ai haka yake yi in an yi karo. To, shekara da shekaru ina zagin direban nan da ya kaɗe bishiyar Tenere a 1973, bishiya ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, wadda ba ta da maƙwabciya sai an yi tafiya mai nisan gaske, har aka kwashi gawarta aka kai gidan tarihi na Yamai. Daga wannan rana na janye bakina daga mutuncin bawan Allah nan.

Amma a yi adalci. Hanyar da aka ba ni ba hanya ba ce ta gaskiya, domin babu jaki mai mangala da zai tsaya a tsakiya yana tunani, babu amalanke, babu manomin da zai fito da fartanya yana rantsuwa a kan kunyar gyaɗarsa, waɗanda su ne ke koya wa direba natsuwa. In kuwa an kawar da su, me ya rage face gaggawa, wadda kowa ya san daga wa take? Gyara ma abin mamaki ne: bayan na zubar da bamba, na fasa gilashi, na lanƙwasa ƙafar gaba, sai aka ce an ba ni sa'a guda ta cikin wasan in zaɓi abin da za a gyara, aka kuwa gyara nan take, ba a je Ƙofar Ruwa neman kaya ba, ba a ce in dawo jibi ba.

Na naɗe hannun babbar riga, na ajiye hula, na ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa. Can na sami wata miƙaƙƙiyar hanya na sakar mata wuta, yara suka fara kirari, sai ga kwana ta taho ba sallama, ƙafata ta dama ta tafi neman birki inda ta saba samunsa, ta sauka da dukan ƙarfinta a kan akwatin soket ɗin da ya haɗa talabijin biyu. Ɗif. Ashe a can ɗaya bencin ana bugun fenareti ne na wasan ƙarshe, wanda aka faro tun hantsi. Abin da ya hana a yi mini rashin kunya furfura ce kawai, da alkawarin da na yi na biyan kuɗin wasan da man janareto.

Ana cikin mayar da waya sai labule ya ɗaga, ga manzo na biyu daga dattawa, tsohon karen motata, wanda yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Ya buɗe baki zai isar da saƙo, idonsa ya faɗa kan motar ta kafe a gefen kwazazzabo, sai na ji ya ce, “Maigida, baya kaɗan. Baya. Tsaya! Karya dama.” Na ce wa mai rumfar ya rage muryar Baturen. Ya zauna a gefena, yana duban 'yar kibiyar da ke fitowa a saman allo, yana faɗa mini da Hausa, “Sassauta, akwai kwana mai cin rai. Yawwa, taka ta, Maigida, hanya taka ce.” Wallahi haka muka kai ƙarshen zangon da tayoyinmu huɗu, mu ne na kashin baya a jerin sunaye, amma mun kai, wanda kuma hujja ce yankakkiya a kan inda aibin yake tun farko.

Muna cikin musafaha, jikana na cewa ko jakin gidanmu ya fi mu lokaci, sai muka ji gyaran murya a bakin ƙofa. Liman ne da kansa, carbi a hannu, ya ce an idar da La'asar tun ɗazu, jama'a na jiran bayani. Na miƙe na laluɓo hulata, na ce, “Allah gafarta Malam, mas'alar tana da rassa, binciken bai kammala ba.” Ya dubi talabijin, ya dube mu, ya ce, “Rassa nawa?” Mai rumfar, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, “Saura ƙasa bakwai, Malam, har da mai ƙanƙara.”