Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Cajar Laptop

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina lafiya, ke da zuri'arki masu babban baki da masu ƙaramin baki, shuɗi da rawaya. Ina kuma yi miki sannu da zafin jiki, wanda na san ba ya barin ki muddin kina jikin soket.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wulaƙancin daren jiya. 'Yarki da ta zo tare da kwamfutata ta cika tun ranar da aka kawo wuta da ƙarfin tsiya. Ta yi ƙauri, fitilarta ta mutu, muka ce kowa da ranarsa. Jiya sai tsakar dare aka kawo wuta, ga aiki da zan miƙa da safe. Na cire kunya na buga ƙofar maƙwabci na aro tasa. Na juya bayanta na karanta kamar yadda masu gyara suka koya mana. Bolt 19.5, daidai da abin da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutata. Amfiya 4.62, wato wat 90, alhali 65 ma sun ishe ni, kuma rarar amfiya ba ta cutar da kowa, don na'ura iya buƙatarta take ja. Bolt ne idan ya zarce ake jin ƙauri. Bakin ya shiga ɗaf, kamar don ramin aka ƙera shi. Sai kwamfuta ta rubuto mini da Turanci cewa ba ta san wannan caja ba, saboda haka ba za ta cika batir ba, kuma za ta rage gudu.

Ba ta san ta ba! Hajiya, wutar lantarki ce fa.

Na san mai wannan aika-aika. 'Yar allurar nan ce da ke tsakiyar bakinki. Ba ita ke ɗauko wuta ba, wutar ta bangon ciki da na waje take bi. Aikin allura ɗaya ne: ta miƙa takardar shaidar asali. Ta cikinta caja ke gaya wa kwamfuta 'yar gidan wa ce, kuma wat nawa take da shi. Manyan kamfanoni biyu suna yin baki iri ɗaya sak, milimita 7.4, kowanne na shiga ramin ɗan'uwansa, amma kowace allura da hatimin da take bugawa, kuma wannan gida ba ya karɓar na wancan.

Ki duba irin wahalar da wutar nan ta sha. Ta taso daga Kainji ko Shiroro, ta ratsa daji, ta tsira daga faɗuwar babban layi, ta ƙetare taransifomar unguwa da muka yi karo-karo muka gyara, ta iso ɗakina a lokacin da ko karnuka sun yi barci. Saura taƙi ɗaya ta shiga batir, sai wata allura da ba ta kai tsinken sakace ba ta tare ƙofa: ina takardar ƙaramar hukumarki? Wa ya sa hannu? Dagacinku ya san da zuwanki? Mu da muke shan wannan tambaya a wurin neman makaranta da neman aiki, yanzu har a soket ɗin ɗakinmu?

Za ki ce kariya ce, don kada kwamfuta mai yunwar wat 90 ta ɗora wa caja mai 45 nauyin da zai ƙona ta. Na ji. To me ya sa idan allurar ta ɗan lanƙwashe, ko siririyar wayarta ta tsinke a inda ake naɗe igiya, 'yar gida ta haƙiƙa ma sai ta zama baƙuwa? Wutarta lafiya lau, takardarta kawai ta ɓata, shi ke nan an sallame ta. Sai a je kasuwa, yaron shago ya ɗora maka caja a tafin hannu ya ce ka ji nauyi, orijinal ce, alhali masu jabu sun daɗe da gane cewa da nauyi muke auna gaskiya, har ɗan ƙarfe wasu ke mannawa a ciki. Ka kai gida, ka taɓa wurin linzami, kibiya ta kama tsalle ita kaɗai.

Sauran laifuffukanki a taƙaice. Lenovo na da rawaya mai kusurwa huɗu, bolt 20, mai kama da USB amma ba shi ba ne. Acer da Asus duk milimita 5.5 ne a waje, a ciki Acer 1.7, Asus 2.5. Tokunbo ta zo da filogin Amurka mai ƙafa biyu, soket ɗinmu na Ingila ne mai uku, wanda ya tsallaka Maraɗi kuma ya tarar da zagayayyun ramuka. Ita kuwa caja mai kawuna barkatai da maɓallin zaɓen bolt, yaro ɗaya mai son wasa ya isa ya kashe kwamfuta da ita.

An ce mu yi haƙuri, USB-C ta zo raba gardama. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan wayoyi daga Disamban 2024, ta sa wa laptop Afrilun 2026. Madalla da mutanen Turai. Mu sai sun gama mora sun turo mana a kwantena. Kuma ko can ɗin ba ki tuba ba, ofishin tantancewar kawai kika mayar cikin igiya: wadda ba ta da ɗan guntun shaida a kanta ba a bari ta wuce wat 60, komai ƙarfin cajar, kuma a ido ba ta da bambanci da mai ɗaukar 100. Wani ramin ma na USB-C ne sak, amma ba a caji ta cikinsa, kuma ba mai gaya maka sai ka jona ka zauna kana jira.

Buƙatata ba ta da yawa. Ki tara 'ya'yanki su tsayar da baki ɗaya, a rubuta wat a jikin kowace igiya da manyan baƙaƙe, allura kuma a yi mata ritaya ba tare da fansho ba.

Naki ba don yana so ba,
Wani mai tokunbo, Kano