Ranar da Na Dafa Lofen Bature

Ni ba na shan taba. Dole in fara da wannan, domin surukaina suna karanta mujalla. Kwaɗayi ne ya sa na sayi tsohon lofe a wurin 'yan gwanjo, bayan na ji cewa a Turai akwai masu tara lofen da wani ya gama tsotsa, har su biya kuɗi masu kauri.

Sai dai wari. Mai shi na farko ya bar rabin rayuwarsa a ciki: ƙoƙon ya cushe da baƙin gawayi, ga shatin haƙoransa a bututun da ake sawa a baki. A iya sanina kuwa, babu ƙazantar da ta gagari tafasasshen ruwa. Na jira uwargida ta shiga maƙwabta, na ɗora tukunyar shayinta, na jefa lofen ciki.

Bututun ya shiga baƙi wuluk, ya fito kore-kore, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe roba ce da aka ƙarfafa da farar wuta, zafi da rana ne ke fito da farar wutar fili. Ƙoƙon kuma ba icen banza ba ne. Daga kututturen saiwar wani tsiro ake sassaƙa shi, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Italiya, Girka da Aljeriya, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna a wannan sana'a tun ƙarni na 19. Icen da ya yi shekaru yana jure garwashi, ni na jiƙa shi.

"Malam, me kake dafawa?"

"Bincike nake yi, Hajiya."

Ta leƙa tukunyar, ta dube ni, ta fita ba ta ce uffan ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na nemi ilimi, a makare. Masana ba sa kankare gawayin duka, sukan bar kaurin kwabo don ya kare icen. In ya yi yawa ne yake tsaga ƙoƙon. Ni na riga na bi shi da wuƙar yanka albasa har na ga farin ice. Warin kuma, gishiri mai tsakuwa ake cika ƙoƙon da shi, a ɗiga barasa mai ƙarfi, a bar shi ya kwana. Da safe gishirin ya koma ruwan ƙasa, ya zuƙe dattin. To, wa zai aike ni sayen barasa da wannan gemun? Na tafi kemis na sayo sifirit. Cewa aka yi a ɗiga, ni na kwarara. Ya malalo ta gefe, ya wanke launin icen layi-layi kamar jikin jakin dawa.

Saura abu guda da ya tsone mini ido: wani ɗan farin ɗigo a saman bututun. Na goga, ya ƙi. Na sa farce, ya ƙi. Na ce lallai fenti ne ya shige ciki, na ɗauko allura na zauna a kansa da haƙurin da ban taɓa yi wa 'ya'yana ba, har na ƙwaƙule shi. Ya bar rami tsaf, na ji daɗin aikina.

Washegari na kai wa wani abokina da ya yi karatu a Ingila, ina jiran yabo. Ya juya shi, ya kanne ido yana karanta rubutun da ke gefen icen.

"Ina farin ɗigon?"

"Na cire. Da ƙyar ma."

Ya sauke tabarau. Ya ce ɗigon tambarin Dunhill ne, kamfanin da Alfred Dunhill ya buɗe wa shagon taba a Landan a 1907, kuma an sa shi ne don mai sha ya gane saman bututun daga ƙasansa. Shi masu saye ke fara dubawa.

Na tambaye shi nawa zai yi yanzu. Ya ce in fara biyan Hajiya kuɗin tukunya tukuna, don shayin da ta aiko masa jiya warin taba yake yi.